Rifkatu Mai Jan Maratayi

Kafin rana ta yi zafi a unguwar Arkilla da ke Sakkwato, Rifkatu Habila ta riga ta gama addu'arta, ta share tsakar gida, ta ɗora wa maigidanta ruwan shayi. Daga nan sai ta jawo 'yar kujera ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta fito da kyamara daga jaka. Da wani tsumma mai laushi da ta yanko daga tsohon zane take goge gilashin, a hankali, kamar mai share wa jariri ido. Ta duba fim, ta sa hotunan da ta wanke jiya cikin ambulan, kowace mace da nata, ta yafa mayafi, ta fita bakin titi neman tasi. Ko dai Gawon Nama ta nufa, ko cikin gari, ko Kalambaina idan ana suna a gidajen ma'aikatan siminti. Haka take tun zamanin da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, har zuwa wannan wata da ta ce ta ajiye aiki.

Mazan Sakkwato da yawa ba su san sunanta ba. Maman Monica suke ce mata, ko Mai Hoto. Ba ta da shago, ba ta da allo mai ɗauke da sunanta a bakin hanya. Amma idan wata tsohuwa ta buɗe maka akwatinta a unguwannin nan, ta ɗaga zannuwa, ta fito da tsohon fasfonta na Hajji, ka tambaye ta wa ya ɗauki hoton da ke ciki. Sau da yawa amsar ɗaya ce.

Daga Zuru suka zo, ita da mijinta Malam Habila, bayan yaƙin basasa, lokacin da aka turo shi koyarwa a wata firamare. Ɗaki biyu suka kama haya a Gawon Nama. Da kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata suka fito, abokan aikinsa suka yi ta sayen babur da rediyo mai kaset, shi kuwa ya dawo gida da kyamara. Rifkatu ta yi masa faɗa ranar. Ba ta san sana'arta ce ya sayo mata ba.

Shekarun nan ne jiragen alhazai suka yawaita. 'Yan kasuwa sun samu, kowa yana so ya kai mahaifiyarsa da matarsa Makka. Amma babu tafiya sai da fasfo, babu fasfo sai da hoto, masu ɗaukar hoto na gari kuwa duk maza ne. Wata maƙwabciyarsu mai suna Mairo ce ta fara yi mata magana ta kan katanga.

"Maman Monica, maigida ya biya mani kujera, amma ya ce ba shi kai ni wurin ƙato shi tsare ni da ido. Ke ba ki iya koyon abin ga na mijinki?"

Rifkatu ta koya. Habila ya nuna mata yadda ake auna haske da nisa, ta yi ta gwadawa a kan 'ya'yanta da akuyar gidan har hannunta ya faɗa. Igiyar roba da kyamarar ta zo da ita ta riga ta tsinke, sai Habila ya ɗaura mata wani ɗan maɗauri da ake zura hannu a ciki, ya zagaye wuyan hannu.

"Wannan ya fi miki," in ji shi. "Ki riƙe ta a ƙarƙashin mayafi, ba mai gani. Mu baƙi ne, kuma Kirista. Idan maza suka ga kyamara a zaure za a yi ta dogon bayani. Ki shiga, ki ɗauki wadda ta kira ki, ki fito."

Ba da mugun nufi ya faɗa ba, kuma dabarar ta yi aiki na wasu watanni. Maɗaurin hannu ba shi da nauyi, ba ya lilo, kyamara tana tafin hannu a shirye. Rifkatu ta ji daɗinsa, har ranar da aka kira ta gidan Alhaji Gidaɗo mai hatsi.

Matar Alhaji ce ta aika mata, don a ɗauki hoton surukarta, Inna Sadiyatu, wadda ta tsufa tana burin ganin Ka'aba. Ta manta ba ta gaya wa maigidan ba. Rifkatu ta gaishe shi a zaure, ya amsa, ya ɗauka mai tallar zannuwa ce, ta wuce. A tsakar gida mata suna sake, wata ana yi mata kitso, wata tana daka da ɗaurin ƙirji. Rifkatu ta durƙusa gaban tsohuwar ta gaishe ta. Inna ta miƙo mata kwanon fura. Babu mai karɓar abu daga hannun tsohuwa da hannu ɗaya, sai ta miƙa duka biyun. Mayafi ya zame, kyamara ta faɗo tana reto a wuyan hannunta, gilashinta a buɗe yana fuskantar matan gida.

Wadda ake yi wa kitso ta kwarma ihu ta shige ɗaki. Mai daka ta yar da taɓarya. Alhaji ya shigo da sauri, ya tsaya yana duban abin da ke reto.

"Tun yaushe wanga abu ke kallon iyalina?"

"Ranka ya daɗe, ban ɗauki kowa ba. Hoton fasfon Inna aka kira ni."

"Da mi za ni gane ba ki ɗauka ba?"

Rifkatu ba ta da shaida. A cikin kyamarar akwai hotunan wasu maniyyata mata da ta yini tana bi gida gida tana ɗauka. Ta dubi Alhaji, ta dubi ƙofar da matar nan ta shige, sai ta buɗe bayan kyamarar, ta zaro fim ɗin gaba ɗaya ta ɗaga shi a rana.

"Duk abin da ke ciki ya ƙone yanzu, Alhaji. Ba mai sake ganinsa."

Hakan bai sa ya huce ba. Ya nuna mata ƙofa. Tana ɗaukar takalmanta Inna ta yi magana, ba da faɗa ba.

"Ɗiyata, ba hoton ya ɓata mani rai ba. Na miƙa maki hura da zuciya ɗaya, ashe kin shigo mani da ido na ukku ɓoye."

Kafin mako ya zagayo labarin ya canja kama. Aka ce matar malamin nan tana satar hotunan matan aure tana sayar wa masu shaguna su manna a gilashi. Gidajen da take shiga suka rufe. Matan da fim ɗinsu ya ƙone, wasu mazajen suka hana a sake ɗaukarsu, ga ranar rufe karɓar takardun Hajji tana ƙaratowa. Har a bakin famfo aka daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Habila ya ce su sayar da kyamarar kowa ya huta, in abin ya ƙi ya nemi a mai da shi Zuru.

Zagin gari bai dami Rifkatu kamar maganar tsohuwar nan ba, domin ta san gaskiya ce. Washegari ta ɗauki kyamara ta tafi kasuwa, layin dukawa, wurin wani baduku mai suna Lawwali da ke yi wa 'ya'yanta gyaran takalma.

"Malam Lawwali, abin riƙe wannan nake so ka ɗinka mini."

Ya karɓa ya jujjuya. "Na hannu ko na wuya, matar Malam?"

"Wanne ka gani?"

"In don sauƙi na, na hannu. Ba ya gajiyar da ke, kuma in kin shiga taro ba mai bangaje maki ita. Na wuya yana da wahala. Wagga aba ƙarhe ta, ba ta da wasa. Ga zahin garin ga, hwata za ta jiƙe da zuhwa ta ci maki wuya. In kin duƙa ta buge ki ga ƙirji. Kuma tun daga ƙarshen layi kowa zai hango ki, yara su biyo ki suna Mai Hoto, Mai Hoto."

"To amfaninsa fa?"

"Hannuwanki biyu naki na. Kuma ba ta hwaɗuwa. Shi ke nan."

"Na wuyan za ka yi mini. Mai faɗi. Kuma da jar fata."

Lawwali ya ɗago kai. Labarin gidan Alhaji Gidaɗo ya riga ya iso kasuwa. "Ja kuma? Ke da anka sa wa ido?"

"Shi ya sa. Ina so wanda ke zaune a zaure ya san abin da nake tafe da shi tun ban yi sallama ba. In zai hana ni, ya hana ni a ƙofa."

Baduku ya jawo jar fatar akuya mafi kyau da yake da ita. Ya yanka maratayi mai faɗi, ya cusa auduga a wurin da zai hau wuya, ya yi masa ɗinki biyu. Rifkatu ta ƙara roƙonsa abu ɗaya: ya ɗaure murfin gilashin da siririyar igiya a jikin maratayin, don kullum ya zauna a rufe ba tare da ya ɓata ba.

Da shi a wuya, a kan mayafi ba a ƙarƙashi ba, ta koma ƙofar gidan da aka kore ta. Yara kuwa suka biyo ta, kamar yadda Lawwali ya faɗa. Alhaji Gidaɗo yana zaune da abokansa. Ta durƙusa daga waje.

"Ranka ya daɗe, na zo ba da haƙuri. Na shiga gidanka da abin da ban nuna maka ba. Yau ga ta a fili, ga idonta a rufe. Ba na buɗewa sai Inna ta ce ta shirya. In na wanke, hoto da fim duka zan kawo muku, ba abin da zai kwana a wurina. In ka ce in koma, na koma."

"Koma," in ji Alhaji.

Ta miƙe ke nan sai aka ji ƙarar sanda daga cikin soro. Tsohuwar ce ta lallaɓo har bayan ƙofar zaure, inda take jin komai.

"Gidaɗo."

"Na'am, Inna."

"Kai ka hana a kai ni wurin maza, ni ma ba ni zuwa. Yanzu ka kori mace. Da hoton wa za ni Makka, da naka? Bar ta ta shigo. Yau na ga abin da ta zaka da shi."

Abokan Alhaji suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Ya kauda ƙafarsa daga hanya.

Rifkatu ta rataya farin zane a bango, ta zaunar da Inna a kujera. Tsohuwar ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, jikinta yana rawa, lulluɓinta yana ta zamewa yana rufe mata ido. Rifkatu ta saki kyamarar ta kwanta a ƙirjinta, ta sa hannu biyu ta gyara lulluɓin, ta riƙe kafaɗun tsohuwar har rawar ta lafa.

"Inna, kin shirya?"

"Bismillahi. Buɗe idon naki."

Ranar da ta kawo hoton, Inna ta kai shi kusa da fuskarta ta daɗe tana dubawa. Can sai hawaye suka zubo.

"Wagga ai innata ta!" Kamannin mahaifiyarta da ta rasu tun tana budurwa ta gani a fuskar kanta.

Inna Sadiyatu ta yi Hajjinta a shekarar. Ranar da ta dawo, gida cike da mata 'yan barka da zuwa, ta sa aka kira Rifkatu, ta zaunar da ita a kan tabarmarta, ta ba ta dabino da zobe, ta ce da taron, "Ga wadda ta buɗe mani hanya." Matan da suka ji haka suka kai maganar gidajensu. Ba a sake rufe wa Rifkatu ƙofa a Gawon Nama ba.

Ke ce, Maman Monica, kika mai da ɗakin ajiyar kayanki wurin wanke hoto, kika koyi aikin da kanki, don kada ko mijinki ya ga fuskar matar wani. Ke ce ba ki taɓa rataye hoton kowa a bangonki don talla ba. Mai jan maratayi, wadda ake hangowa tun daga nesa a ce mata maraba.

Akwai wani tela da ke da shago kusa da gidansu na haya, har yanzu yana ba da labarin ranar da wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar. Wani babban mutum ne, irin waɗanda ake tsoron yi wa musu a zamanin soja, har da mai kaki a gaban mota. Ya ga wata matar aure a wurin biki, ya ji Rifkatu ce ta ɗauki hotunan, yana son a wanke masa nata. Telan ya ce ya tsayar da kekensa don ya ji.

"Fim ɗin yana hannun masu shi, ranka ya daɗe," in ji Rifkatu.

"To ki koma ki ɗauko mini wani. Ai kina shiga gidan. Ba sai ta sani ba."

Ta kama maratayin da ke wuyanta ta ɗaga masa. "Da wannan nake shiga. Kowa yana ganina. Kuma ko ba a ganina ba zan yi ba."

Mutumin ya ce zai sa a ƙwace kyamarar. Ta ce tana nan a wuyanta, in an zo ba sai an yi bincike ba. Telan ya ce bayan motar ta tafi sai ta zauna a dakali. Ba wanda ya zo. Ita kuma ba ta taɓa faɗin sunan matar ba, ko ga telan da ya yi ta tambaya.

Matan Kalambaina kuma wani labarin suke bayarwa. Ana tsakiyar suna, an jeru za a ɗauki hoto, sai mai jegon ta yi luu za ta faɗi da jariri a hannu. Rifkatu ce a gabanta. Ta saki kyamara, ta tare jaririn da hannu ɗaya, ta tallafi uwar da ɗayan, har sauran mata suka kawo ɗauki. Ita ce kuma ta matsa a nemo mota a kai matar asibiti, ta bi su da jan maratayinta a wuya. An ce jini ne ya yi mata ƙaranci. Ta warke, yaron yanzu ya girma.

Da arzikin mai ya ja baya, fim ya yi wuyar samu, masu shaguna da dama suka koma wata sana'a. Rifkatu ba ta bari ba. Ta rage hotunan biki, ta bar abin da take samu don masu buƙata: yarinyar da za ta cike takardar shiga makarantar horon malamai, wadda za ta koyi aikin jinya, matan yaƙi da jahilci da za a ba takardar shaida. Malamai mata da ma'aikatan asibiti da yawa a garin nan, hoton da ya fara shigar da su makaranta daga hannunta ya fito.

Abin da Lawwali ya faɗa game da wuya bai faɗi ƙasa ba. Maratayin ya bar mata baƙin tabo a bayan wuya, daga baya ciwo ya sauko kafaɗa har ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jiki duka. Shekarun baya likita ya ce ta daina rataya komai. Ta koma layin dukawa ba da son ranta ba, Lawwali, wanda gemunsa ya yi fari, ya ɗinka mata maɗaurin hannu. Ta ce shi ma a yi shi da jar fata. A kowane zaure sai ta ɗaga hannun sama ta nuna kyamarar kafin ta yi sallama. Da ta yi haka a ƙofar Alhaji Gidaɗo, tsohon ya yi dariya.

"Maman Monica, sauke hannunki kar kahwaɗar ta ƙara ciwo. Ko cikin buhu kinka sa ta, shiga. Ke munka sani, ba igiya ba."

Duk da haka ba ta daina ɗagawa ba, har ranar aikinta na ƙarshe.

Yanzu ido ya fara gajiya, kafaɗa ta ce ya isa. A tsakar gidanta na Arkilla wasu mata suna zuwa koyon aikin, Musulmi da Kirista, har da jikar Inna Sadiyatu. Idan suka tambaye ta wanne za su saya, na hannu ko na wuya, sai ta ce kowace ta duba ƙarfin wuyanta da irin wurin da za ta yi aiki. Abu ɗaya ne ba ta sassautawa: kada a ɗauki mutum bai sani ba. Ina kira ga matasanmu masu yawo da kyamara a wuraren biki, da duk wanda aikinsa ke shigar da shi gidajen mutane, ko mai gyaran wuta ne ko mai allurar rigakafi, su je su zauna da wannan baiwar Allah tun tana da ƙarfin magana. Su koyi yadda ake shiga gidan mutum a fito, ya kuma yi marmarin a dawo.

Ni ma ina da nawa dalilin rubuta wannan. Hoton mahaifiyarmu ɗaya ne tak a duniya, na ranar sunan ƙanena, kuma Rifkatu ce ta ɗauka. Mahaifiyarmu mace ce mai kunya, ba ta cika dariya a gaban mutane ba, amma a hoton nan tana dariya har haƙoranta a waje. Bayan rasuwarta mun sha tambayar juna abin da ya ba ta dariya haka. Makon jiya na ɗauki hoton na kai wa Rifkatu. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kira sunan mahaifiyata ba tare da na faɗa mata ba.

Na ce, "Mama, me kika ce mata ranar?"

Ta yi murmushi. "Na tuna sarai. Ita ce ma ta fara faɗa mini wata magana, na ba ta amsa."

"Wace magana?"

Ta miƙo mini hoton. "Ɗana, wannan tsakanina da ita ne."

Na so in ji haushi, sai na ga ba abin da ya fi wannan amsa kwantar mini da hankali. Mun gode, Mama Rifkatu. A madadin iyayenmu mata, masu rai da waɗanda suka riga mu, mun gode. Allah ya sauƙaƙa ciwon kafaɗa, ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba garin nan irinki da yawa.